Darasi na 9: Ajin da Ma'aikacin Lafiya da Wanda Ya Sha Jinya Suke Koyarwa Tare

Abin da za mu koya

A wannan darasi za mu duba wata irin makarantar manya da ake koyar da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikinta, inda malamai biyu ke tsayawa gaban allo. Ɗaya ya karanci ciwon ƙwaƙwalwa a makaranta, ɗayan kuma ciwon ya taɓa kayar da shi, ya tashi. Za mu ga inda abin ya samo asali, da yadda ake tafiyar da shi, da abin da masu suka ke faɗa a kansa. Daga nan sai mu tambayi kanmu me za mu iya ɗauka.

Makaranta a hannun asibiti

A shekarar 2009, hukumar da ke kula da asibitocin masu taɓin hankali a kudu maso yammacin birnin Landan ta buɗe wani wuri da ba a saba gani ba a Ingila. Ba a ɗibar jini a wurin, ba a rubuta magani, babu gadon kwantar da kowa. Ajujuwa ne da kujeru da allo da ɗan ɗakin karatu. Aka sa wa wurin suna kwalejin farfaɗowa. Duk wanda ya shigo sunansa ɗalibi, ko da jiya aka sallamo shi daga asibiti. A 2011 birnin Nottingham ya buɗe tasa, daga nan abin ya bazu. Zuwa 2021 an ƙirga irin waɗannan kwalejoji 88 a Ingila kaɗai, kuma wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry ta buga a 2023 ya samo guda 221 a ƙasashe 28.

Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka kan wannan aiki akwai mata biyu. A lokacin Julie Repper ma'aikaciyar jinya ce a Nottingham. Rachel Perkins kuwa masaniyar halayyar ɗan Adam ce, babbar ma'aikaciya a asibitocin kudu maso yammacin Landan a wancan lokaci, kuma ita kanta ta daɗe tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, ba ta kuma ɓoye ba. Ta san kujerar mai duba majinyaci, ta san kujerar majinyacin. A 2012 su biyun da abokan aikinsu suka fitar da wata 'yar takarda da ta fayyace siffofin irin wannan kwaleji, ita ce mafi yawan masu buɗe sababbi suka riƙa bi.

Tushen tunanin

Tunanin ya girmi kwalejin, kuma daga Amurka ya faro, daga bakin majinyatan kansu. Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka cewa wanda ciwo mai tsanani ya kama, irin sikizofireniya mai sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin mutane ba dalili, to shi ke nan, sai dai a lallaɓa shi har ƙarshen ransa. Haka aka gaya wa wata yarinya mai suna Patricia Deegan tun ba ta kai shekara ashirin ba. Ta ba da labarin yadda ta shafe watanni a zaune kan kujera guda, tana shan taba, ba ta son komai, ba ta sa ran komai. Kullum kakarta sai ta zo ta tambaye ta ko za ta raka ta cefane, kullum ta ce a'a. Tsohuwar ba ta yi fushi ba, ba ta kuma fasa tambaya ba. Wata rana yarinyar ta amsa, da sharaɗin ita tura keken kaya kawai za ta yi. Daga wannan fita ta fara dawowa cikin mutane. Ta koma makaranta, ta yi karatu har ta sami digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma a 1988 ta rubuta maƙalar da har yau ake karantawa kan yadda mutum ke farfaɗowa.

A lura da wanda ya buɗe mata ƙofa: kakarta ce, da tambaya guda da haƙuri mai yawa. Irin wannan sani ba ya cikin littafin koyon likitanci na wancan zamani, kuma ba don Deegan ta faɗa ba, da ya tafi da tsohuwar.

A 1993 William Anthony na Jami'ar Boston ya tattara abin da irin su Deegan ke faɗa ya yi masa bayani. Abin da ya nuna shi ne, mutum na iya komawa ga rayuwa mai gamsarwa, mai fata, mai amfani ga jama'a, ko da ciwon bai rabu da shi kwata-kwata ba. Warkewa a wurin likita ita ce alamomin ciwo su ɓace. A wurin mai ciwon kuwa, ita ce ya koma kasuwa, aurensa ya tsaya, a daina yin shiru in ya shigo taro. Wani na samun duka biyun, wani na samun ta biyun yana ci gaba da shan magani. A farkon shekarun 2000 wata cibiya a birnin Phoenix na jihar Arizona ta mai da wasu ayyukanta na jinya zuwa ajujuwa, ta horar da tsofaffin majinyata su zama malamai. Daga can ne 'yan Ingila suka ɗauko darasi.

Yadda ake tafiyar da ita

Kwalejin kan buga ɗan littafi na jerin darussan zango. Mutum ya duba, ya zaɓi abin da yake so, ya rubuta sunansa. A yawancinsu ba sai likita ya turo ka ba, kuma ba a raba ɗalibai bisa sunan ciwonsu. Kyauta ake yi. Wani darasin zama ɗaya ne na awa biyu ko uku, wani kuma sau ɗaya a mako har tsawon makonni. Akwai na fahimtar ciwo, kamar ciwon damuwa da fargaba da jin muryoyi da ciwon baifola mai ɗaga mutum sama ya kasa barci don zumuɗi sannan ya jefo shi cikin baƙin ciki. Akwai na samun barci, na sanin magani, na komawa aiki, na tattalin kuɗi, na yadda mutum zai ba da labarinsa ba tare da ya tona wa kansa asiri fiye da yadda yake so ba. Akwai kuma na tsara wa kai shirin zaman lafiya, wanda Mary Ellen Copeland da wasu masu fama da ciwon suka ƙirƙiro a jihar Vermont a 1997. A cikinsa mutum kan rubuta yadda yake idan yana lafiya, da abubuwan da ke tayar masa da ciwo, da alamomin farko, da wanda ya yarda a kira idan abin ya fi ƙarfinsa.

Sabon ɗalibi kan zauna da wani malami su yi magana kan abin da yake son cimmawa. Tambayar da ake yi masa ta bambanta da ta ɗakin likita. Can ana tambayar me ke damunka. Nan ana tambayar me kake son koya, kuma ina kake son kaiwa.

Ajin na kowa ne. A benci guda za ka ga wanda ya kwanta asibiti, da uwar da ɗanta ke kwance yanzu, da nas da ta zo ƙarin sani, wani lokaci har da likita. Ba a sa wa kowa alama a ƙirji. Ga ma'aikacin lafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi a kullum yana ganin mutane ne a ranar da suka fi muni, lokacin da aka kawo su ana rirriƙewa. Waɗanda suka ji sauƙi ba sa dawowa su nuna masa kansu. A hankali sai ya fara zaton ba a tashi daga wannan ciwo. Ranar da ya zauna a aji ya ga wanda ya taɓa yi wa allura yana riƙe da alli yana bayani tiryan-tiryan, ba zai koma bakin aiki da irin idon da ya fito da shi ba.

Yadda mutum biyu ke haɗa darasi guda

Nan ne zuciyar al'amarin. Ƙa'idar ita ce ba a koyar da darasi sai mutum biyu sun shirya shi tare tun daga farko, sun kuma koyar da shi tare. Ba wai ma'aikaci ya gama rubuta komai ba, sannan a kira tsohon majinyaci ya ba da labarinsa na minti goma a tafa masa. Tun daga tambayar me ya kamata a koyar ake zama da shi, kuma a ƙa'ida horar da shi ake yi, a biya shi kamar kowane malami.

Don mu gane, bari mu kawo misali gida. A ce wata nas ce da wani tela mai shekara hamsin da ya taɓa kwanciya asibitin ƙwaƙwalwa, an ba su shirya darasi kan zama da magani. Ta zo da takarda ta jera illolin magungunan: ƙiba, bushewar baki, yawan barci, taurin jiki, rawar hannu. Ya karanta a hankali ya ajiye.

"Sista, duk abin da kika rubuta haka yake. Amma kin san abin da ya sa na yar da magani a karon farko? Hannuna ne ke rawa, na kasa zura zare a allura. Ga sallah ta matso, ga ɗinkin mutane jibge a shago."

"To Malam, me ya hana ka gaya wa likita?"

"Ya tambaye ni ina jin muryoyi, na ce a'a. Ya ce ina barci, na ce ina yi. Ya rubuta takarda, aka kira na baya. Ni ban san ana kai ƙarar rawar hannu ba. Na ɗauka haka maganin yake, ko in sha in rasa sana'a, ko in bari in ci abinci."

Da wannan magana darasin ya canja. Jerin illoli na nan, amma yanzu rabin lokacin zai tafi ne kan yadda mutum zai ci moriyar 'yan mintocin da yake samu gaban likita: ya rubuto abubuwa biyu ko uku da suka fi damunsa tun daga gida, ya faɗi sana'arsa, ya tafi da wani ɗan'uwa da zai tuna masa. Ita kuma nas ɗin ta kawo abin da telan bai sani ba a wancan lokaci, cewa rawar hannu abu ne da likita ke iya gyarawa, ko ya rage yawan maganin, ko ya sauya shi, ko ya haɗa da wani.

Sai telan ya ce yana son ya gaya wa ɗalibai dabarar da ya yi daga baya, ta raba ƙwaya biyu ya sha rabi.

"A'a Malam, wannan kam ba za mu koyar ba. Kai Allah ya tsare ka. Wani in ya rage da kansa, ciwon dawowa zai yi, wataƙila ya fi na farko. Ka ba da labarin, amma mu faɗa musu haɗarin da ke ciki."

Ya yi shiru, ya ce gaskiya ne, ya san wanda hakan ta faru da shi. Sannan shi ya tuno da abin da ita ta manta: azumi. Mutane da yawa kan canja lokacin shan magani ko su daina a watan Ramadan ba tare da sun yi shawara ba. Ta ƙara da cewa mai shan maganin litiyam, wanda ake ba masu baifola, in jikinsa ya rasa ruwa maganin na iya taruwa a jini ya zama guba, don haka dole ya ga likita kafin azumi ya kama. Suka sa wannan a darasin.

Ku duba abin da ya faru. Kowannensu ya gyara wa ɗan'uwansa. Abin ya yi kama da mai cikin fari, wadda ke jin bayanin nas a wurin awo, ta dawo gida ta ji na goggonta da ta haifi takwas. Wadda ta sami biyun, kuma biyun suna jin maganar juna, ta fi wadda ta sami ɗaya. Sanin wanda ya sha jinya sani ne na gaske, amma na mutum ɗaya ne, yana iya kuskure in aka shimfiɗa shi kan kowa. Sanin ma'aikaci an tattaro shi daga dubban mutane, sai dai bai san zare da allura ba sai an gaya masa.

Akwai kuma abin da telan ke bayarwa ko bai buɗe baki ba. Ɗalibin da aka sallamo makon jiya, wanda ke ganin rayuwarsa ta ƙare, yana kallon mutum mai shago da iyali da ya bi ta inda yake yanzu. Likita zai iya cewa za ka samu sauƙi, a ji ta kunne. Ganin wanda ya samu ya fi shiga zuciya.

Yana aiki kuwa?

A 2011 wasu masu bincike a Landan, cikinsu har da Mary Leamy da Mike Slade, suka tattara rubuce-rubuce masu yawa kan abin da mutane ke cewa ya taimaka musu suka farfaɗo. Abubuwa biyar suka yi ta maimaituwa: cuɗanya da mutane, fata, mutum ya san shi wane ne ban da ciwonsa, rayuwa ta zama da ma'ana, da ikon yanke shawara kan al'amuransa. Aji mai kyau na taɓa dukkansu. Wani bincike a yankin Sussex na Ingila, da aka buga a 2018, ya kwatanta watanni 18 kafin ɗalibai su shiga kwalejin da watanni 18 bayan sun shiga, ya ga kwanciyarsu a asibiti ta ragu. Sai dai a yi hattara da irin wannan sakamako. Wanda ya iya tashi ya rubuta sunansa a makaranta, mai yiwuwa dama ya kama hanyar samun sauƙi. Shi ya sa jami'o'in Nottingham da King's College ta Landan suka ɗauki shekaru suna bin lamarin da bincike mai zurfi.

Masu suka ma suna da hujja, kuma wasunsu majinyata ne. Wata ƙungiyarsu a Birtaniya mai suna Recovery in the Bin ta daɗe tana cewa hukumomi na fakewa da maganar farfaɗowa su rage kuɗin jinya, su ɗora wa mara lafiya nauyin warkar da kansa. Suna cewa wanda ba shi da muhalli, bashi ya yi masa katutu, ba darasin barci ne zai sa ya yi barci ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ta fi gaskiya a ƙasashen da talauci ya fi tsanani. Akwai kuma wuraren da ake biyan ma'aikacin lafiya cikakken albashi, a sallami abokin koyarwarsa da kuɗin mota. Inda aka yi haka an karya ƙa'idar tun daga tushe, komai kyan sunan da aka rubuta a ƙofa. Waɗanda suka kafa tsarin sun faɗa tun farko cewa kwalejin ba ta maye gurbin asibiti, ba ta kuma maye gurbin makarantar koyon sana'a. Gada ce tsakaninsu.

A Afirka

A 2015 aka buɗe irin wannan kwaleji a asibitin Butabika da ke Kampala, babban asibitin masu taɓin hankali na ƙasar Uganda, da haɗin gwiwar wata hukumar lafiya ta gabashin Landan. Tsofaffin majinyatan asibitin ne ke koyarwa tare da ma'aikata, wasunsu kuma na bin waɗanda aka sallama har gida. Wannan ya nuna abin ba sai ƙasa mai arziki ba. Amma ba a ɗauko shi yadda yake a dasa. Tsarin Ingila ya ginu ne kan mutum ɗaya da zaɓinsa, alhali a wurare da yawa iyali ne ke yanke shawarar inda za a kai mara lafiya, su ke biyan kuɗi, su ke kwana da shi. Binciken 2023 da muka ambata ya ga kwalejojin Asiya ba su cika hawa kan ma'aunin da aka gina a Ingila ba. Ba lalle laifinsu ba ne, kowace al'umma da yadda take zama.

Mu fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, kusan mutum miliyan 970. A Nijeriya likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Asibitocin da muka sani a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Dawanau a Kano da na Maiduguri, sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa. Saboda haka mafi yawan jinyar a gida ake yin ta, a hannun uwa ko mata ko yaya, waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu komai. Abin da rashin sani da rashin mafita ke haifarwa mun gan shi a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawa daga cikinsu da hannunsu, suna neman gyara.

Jawo jama'a cikin jinya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansu, su je asibiti da rana su dawo cikin mutane da yamma. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba, har ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Lambo ya shigo da iyali da gari. Matakin da kwalejin farfaɗowa ta ƙara shi ne ta miƙa wa majinyacin kansa alli.

Masu irin wannan murya sun fara fitowa. Hauwa Ojeifo, wadda ta bayyana cewa tana zaune da ciwon baifola, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, kuma a 2020 ta tsaya gaban 'yan Majalisar Tarayya ta yi magana kan ƙudurin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a matsayin wadda abin ya shafa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar, ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawan mulki, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo na da haƙƙoƙi da mutunci kamar kowa. Doka dai takarda ce har sai mutane sun san da ita.

Babban cikas a wurinmu shi ne tsoron tonon asiri, kuma tsoro ne mai dalili. Wanda aka san ya taɓa zuwa Dawanau, ana iya fasa ba shi aure, a fasa auren ƙanwarsa, a daina ba shi ajiya, ko ya yi magana mai hankali a ce ciwon ne. Don haka ba daidai ba ne a tura kowa gaban aji. Wanda zai koyar shi zai zaɓa da kansa, bayan ya samu natsuwa, ya kuma san iyakar abin da zai faɗa. Ana iya farawa da masu jinya, iyaye da matan aure, domin su ma sun sha wuya kuma suna da abin koyarwa. Ajin mata daban ya fi sauƙi ga mai jegon da hankalinta ya taɓu bayan haihuwa, wadda ba za ta buɗe baki gaban maza ba.

Sai batun aljanu da sammu da ruƙiyya. Yawancin iyalai wurin malam suke fara zuwa, kuma ajin da ya buɗe da zagin wannan zai wayi gari ba kowa. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. Abin da ajin zai tsaya a kai ba sassauci shi ne duka da ɗauri da horon yunwa da hana mutum maganinsa. Limamin da ya zauna a irin wannan aji ya ji daga bakin wanda aka taɓa ɗaurewa, huɗubarsa ta Juma'a za ta kai inda nas ba za ta kai ba.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin unguwa ba: ɗaki irin wannan da muke ciki, ma'aikacin lafiya guda da ya san fannin, mutum guda da ya bi ta ciki ya yarda ya koyar, da alƙawarin riƙe sirri. In babu ma'aikacin lafiya kada a fara, domin za a koma musayar sunayen ƙwayoyi, wanda haɗari ne. Ku da kuka dawo aji da furfura kun riga kun san cewa babba ba ya zuwa makaranta hannu rabbana, yana zuwa da abin da rayuwa ta koya masa. Haka wanda ya sha jinya yake.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka buɗe kwalejin farfaɗowa ta farko a Ingila, kuma me ya bambanta ta da asibiti?
2. A misalin nas da tela, me kowannensu ya sani wanda ɗayan bai sani ba? A ina nas ɗin ta ƙi yarda, kuma me ya sa?
3. Masu suka na cewa darasi ba ya maganin talauci. Kun yarda? Me aji zai iya yi, me ya fi ƙarfinsa?
4. Me Dokta Lambo ya yi a Aro, kuma me kwalejin farfaɗowa ta ƙara a kai?

Aikin rukuni

Ku kasu uku-uku ko huɗu-huɗu. Ku zaɓi darasi guda da kuke ganin unguwarku ta fi buƙata, misali kula da mara lafiya a gida, ko damuwar mai jego, ko matashin da ya daina shaye-shaye yana son komawa sana'a. Ku rubuta tambayoyi uku da ma'aikacin lafiya ne zai amsa su, da uku da sai wanda ya bi ta ciki. Kada a ambaci sunan kowa, kada a matsa wa kowa ya faɗi abin da ya shafi gidansa, kuma abin da aka faɗa a aji ya tsaya a aji.

Idan wani a gidanku yana maganar kashe kansa, ko ya kwana biyu ba barci yana sambatu, ko ya daina ci da sha, wannan ya wuce aji. Ku kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada ku bar shi shi kaɗai, kuma kada ku ɗaure shi.